Yadda Za Ka Yi Jinyar Rumman Da Ya Riga Ya Mutu

Shekara ashirin da shida ina koyar da ilimin tsirrai a Margilan, ƙasar Uzbekistan. Bi matakan nan a hankali, na lamunce maka wata huɗu cur babu wanda zai gane ka kashe bishiyar surukinka.

1. Karɓi amana da fara'a. Surukina Tursunali zai tafi birni a yi masa aikin ido, ya bar mini rumman da kakansa ya dasa, wanda duk amaryar unguwa sai an kai mata 'ya'yansa. Aikin sananne ne: a lanƙwasa rassan, a rufe da kara da ƙasa kafin sanyi ya sauka. Ka ce masa ai kana koyar da wannan a aji.

2. Jinkirta. Lokacin bukukuwa ne. Ci shinkafar biki uku a jere. Mai ilimi ba ya gaggawa.

3. Rufe bayan ƙanƙara ta gama aikinta. Yi tudu mai kyau, ka lallaɓe gefensa da shebur. Maƙwabcinka Ergash zai leƙo ta katanga ya ce, "Malam, wannan rufi ne ko jana'iza?" Ba shi shayi.

4. Nuna ƙauna. A hunturu rayayyen rumman da matacce duk tudu ne. Share dusar ƙanƙara kullum. Idan tsoho ya dawo, raka shi wurin da butar shayi, ku tsaya kuna yabon bishiyar da ba ku gani. Zai ce bai taɓa ganin tudu mai tsabta haka ba. Matarka Mohira za ta shige kicin.

5. Ranar tonewa, bayan sanyi ya wuce. Tsoho zai kankare ɓawon da farce, ya tarar da busasshen itace. Fara bayani kan sauyin yanayi. Ba zai saurara ba. Zai sauka ɗakin ajiya na ƙasa, ya fito da bokitin yashi mai laima, da rassa bakwai a ciki, duk sun fara toho. Ya yanke su daga bishiyar tun kafin ya tafi, don dashe.

"Baba, ashe ba ku yarda da ni ba?"

"Na yarda da kai, ɗana. Shi ya sa na yanki bakwai kawai. Da Ergash ne, biyu sun isa."

Duk abin da ya biyo baya tsakaninka da surukinka, babu ruwan marubuci. Shi marubucin an ba shi aikin riƙe butar ban-ruwa, kuma ana sa masa ido.