Ƙasar Majemar Kura

A Dajin Marke kowa ya san matsayinsa. Masu farce da haure suna mulki, masu fiffike suna duba musu gari daga sama, mazauna rami kuwa an ba su dutse guda a bakin fada, don kada a ce ba a yi da su ba. A kan wannan dutsen Tabawa, wata gafiya, ta tsufa tana jiran a gyara filin majemar Kura.

Filin a tsakiyar kasuwa yake. Shekara da shekaru Kura tana jeme fatu a wurin, tana malala ruwan jima da wani magani mai ƙarfi da take sayowa daga nesa, har ƙasar ta yi baƙi, ciyawa ta daina tsirowa. Ramin Tabawa na farko a ƙarƙashinsa yake. 'Ya'yanta suka riƙa kumburin ciki suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, sai ta kwashi jikokin da suka rage ta koma Tudun Fako, can bayan gari. Ƙasar wurin tauri gare ta, amma ba ta kisa. Tun daga lokacin take zarya zuwa fada, kullum ana ce mata ana kan duba lamarin.

Bana aka gama dubawa, domin Giwa attajira ta sayi filin za ta gina rumfuna, ta kuma rantse ba za ta shimfiɗa hajarta a kan wari ba. Abin da gawar yara ta kasa yi, hancin Giwa ya yi shi a zama ɗaya.

Zaki ya tara majalisa. Waziri Dila ya sanar cewa an naɗa Kura shugabar kwamitin gyara, tunda babu wanda ya kai ta sanin abin da ke cikin ƙasar. Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Kura ta miƙe ta ce, "Ranka ya daɗe, a zuba farin yashi, a daɓe, a yi shafe. Wanda ya zo sayen gishiri ai ba tonon ƙasa ya kawo shi ba."

Giwa ta kaɗa kunne ta ce ruwan farko zai taso da warin, aka wuce wannan. Ɓauna ta kawo shawarar a kwarara wa filin ruwa ya wanke dafin zuwa kogi. Kada, Sarkin Ruwa, hamma kawai ya yi mai tsawo, Ɓauna ta leƙa cikin bakin ta janye maganarta. Malam Kunkuru ya ce akwai ciyawar da ke tsotse dafi, a shuka ta, a riƙa yankewa ana ƙonewa duk kaka.

"Zuwa yaushe ke nan, Malam?" in ji Giwa.

"Ni dai zan ga ƙarshensa, in da rai."

Aka yi dariya, aka wuce shi ma.

Sai layi ya zo kan dutsen 'yan rami, wanda a al'ada sau ɗaya yake magana a kowane zama. Tabawa ta gaji ƙwarai, gwiwoyinta na ciwo, amma ta miƙe.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Ni ba malama ba ce, na dai binne 'ya'ya a ƙasar nan. Ba ta rufuwa, ba ta wankuwa. A haƙe ta har a tarar da ja, a kwashe ta kaf, a kai ta inda babu kowa."

Giwa ta ce wannan ita ce magana. Zaki ya gyaɗa kai, maroƙa suka ɗauka, Dila ya ce tsufa riga ce ta hikima. Tabawa ta zauna tana share hawaye. Rabonta da jin daɗi irin wannan har ta manta.

Saura a nemo inda babu kowa. Dokar dajin a nan a fili take: duk wurin da Mikiya ta kewaya da rana tsaka ba ta ga mai rai ba, kango ne. Mikiya ta tashi, kafin inuwa ta karkata ta dawo.

"Ranka ya daɗe, Tudun Fako. Na zaga shi ciki da bai, ko motsin ƙadangare ban gani ba."

Ba ƙarya ta yi ba. Wace gafiya ce ke fita da rana tsaka?

Tabawa ta zabura. "Waziri, jikokina suna..."

"Haba Gwaggo," in ji Dila cikin ladabi, "dutsenku ya riga ya yi magana, an kuma karɓa. Yau ranarki ce, kada ki ɓata ta."

Aka shafa fatiha.

Jakuna suka yi ta jigila da mangala. Tun kafin na farko ya sauke kayansa Tabawa ta ji warin ya biyo ta har ƙuryar rami. Autar jikokinta ta toshe hanci ta ce, "Kaka, mene ne wannan?"

"Gidanmu ne na da," in ji ta. "Ku tattara."

Da asuba ta ja su zuwa kasuwa. An cike filin da jar ƙasa sabuwa, mai laushi, irin wadda ko tsohon farce zai iya haƙawa. Ta sa hanci ta shaƙa, babu komai sai ƙamshin ƙasa. Har ta fara tona, sai ga Muzuru, maigadin Giwa, tsaye a kanta.

"Gwaggo, yi haƙuri. An sha wahala kafin a tsabtace wurin nan. Hajiya ta ce kada a ga gafiya ko ɗaya, kuna kawo cuta."

Da hantsi tana kan dutsenta a bakin fada, yaran a takure a bayanta, autar tana riƙe da ciki. Waziri ya saurare ta da kyau, ya ce lamarin Tudun Fako babba ne, ana kan dubawa. Tabawa ta yi godiya kamar yadda aka saba. A ranta kuwa addu'a ɗaya take yi, Allah ya sa wata giwar ta yi sha'awar wurin.