Yadda Za Ka Mallaki Wuƙa Mafi Kaifi a Garwa

Ni dai ba na jin Ingilishi, Faransancin ma na gaban jandarma ne kawai. Amma tun da aka zaftare albashi mutunci kaɗai ya rage mana, kuma kalma ɗaya ta Ingilishi ta isa ta samo maka shi. Ka bi ni sau da ƙafa, ba ta taɓa ƙi ba.

1. Samo wuƙar

Ka ba direban Yola sautu ya kawo maka irin mai kwali, wadda aka buga wa SHARPEST da jan rubutu. Wuƙar kanta kada ta dame ka. Kwalin ne dukiya, kada ruwa ya taɓa shi.

2. Fassara wa jama'a

A majalisa bayan la'asar, ka bayyana cewa kaifi a wurin Bature hawa-hawa ne: akwai mai kaifi, akwai wanda ya fi shi, sai wanda babu na gaba da shi. Taka ce ta ƙarshen. Ƙasar nan harshe biyu gare ta a takarda, Faransanci da Ingilishi, don haka ba mai yarda a gane bai sani ba. In ka hango Jean, malamin makarantar nan ɗan Bamenda, garin masu jin Ingilishi, ka tashi sabunta alwala.

3. Kada ka wasa ta

Bobbo mahauci zai ce ka kawo ya goga maka a dutse. Ka ƙi. Abin da ya kai ƙarshe, me za a ƙara masa? Kada kuma ka gwada ta a gashin hannu kamar kowa. Gwaji alamar shakka ce.

4. Ranar Layya

Surukinka ya tsufa, kuma labarin wuƙar ya kai masa. Zai ce kai za ka yanka masa ragonsa, a gaban dangin matarka kaf. Ka zare ta a hankali, rana ta haska ta. Ka yi bisimilla. Ka ja. Ka sake ja. In ragon ya juyo ya dube ka, kai kada ka dube shi.

Ni a nan ne surukina Alhaji ya dafa ni ya ce, "Malam, ɗaga haka nan. Ita ma dabbar tana da hakki."

5. Yi bayani

Ka ce don ragunan Turai aka ƙera ta, masu laushin wuya. Namu na nan ba su waye ba tukuna.

Duk abin da ya biyo baya, na surukai ne ko na rago, ba ruwana, ni ilimi kawai na bayar. Bana ma an kira ni yanka a gidan Alhaji. Ni ke riƙe ƙafar baya.