Yadda Za Ki Ba Surukarki Fai Marar Nama Kuma Ki Tsira

Ke da kika tashi a Springfield ta Amurka, wadda tuwonki ke fitowa da gudaji kamar tsakuwa, matso kusa. Wannan hanya tabbatacciya ce, an gwada ta a kan surukar gaske kuma ba a kai kowa asibiti ba. Wadda ta gwada ita ce Aminatou, amaryar Yari mai tuƙin tasi a Woodbridge. Mahaifiyarsa, Inna Kaltume, ta sauka daga Maraɗi da aiki guda: ta ɗanɗana girkin amarya, ta aika wa dangi saƙon murya. Abin da ta faɗa a saƙon nan, da shi za a san Aminatou a Maraɗi har ta tsufa.

Mataki na ɗaya: Rabu da tuwo

Inna tana tuƙa tuwo tun kafin a yi auren mamanki. Kada ki tare ta a filinta, ja ta inda ba ta taɓa zuwa ba.

Kuma dai haba jama'a! Shekara da shekaru muna ƙasar nan, suna shinkafa, biki shinkafa, yaro ya gama makaranta shinkafa, sai kek ɗin kanti mai shuɗin kai da ba mai ci sai yara. Ga gonakin tuffa nan birjik a Virginia, muna wuce su kamar da gaba tsakaninmu. Dole wata ta fara gasa mana fai na tuffa. Ke ce za ki fara.

Mataki na biyu: Kwaɓa ɓawon da hannunki

Kada ki sayo na kanti, wani da kitsen alade ake yin sa. Fulawa, gishiri kaɗan, bota mai sanyi daga firji, ruwan ƙanƙara. Kada ki kirɓa shi kamar fura. Taɓa shi sama-sama, kamar kina jin kunyarsa. In ba ki da abin murzawa, kwalbar man gyaɗa ta isa. Bincike ya nuna fulawa ba ta tambayar da me aka murza ta.

Mataki na uku: Ɓoye dunƙule

Tuffa, sukari, kirfa, ɗan lemon tsami. Shi ke nan. Hannunki zai miƙa da kansa wajen dunƙule da yaji, jini ne. Aminatou sai da ta kai su saman firji tukuna.

Mataki na huɗu: Ɗora cuku, ki toshe kunne

Wasu Amurkawan kan ɗora yankan cuku ruwan ɗorawa, mai gishiri-gishiri, a kan fai yana da zafi. Gishirin ke tashin zaƙin. Aminatou ta koya wajen wata abokiyar aikinta. Da Yari ya leƙo ya gani, sai ya dafe kai.

"Cuku a kan kayan zaƙi? Aminatou, ki rufa mani asiri, Inna ce fa."

Kada ki saurare shi. Mutumin da ke shafa wa burodi mayonis ya tsoma a shayi ba shi da bakin magana.

Mataki na biyar: Kada kalmar "fai" ta fito daga bakinki

Nan Aminatou ta yi tuntuɓe, ke kada ki yi. A wurinmu, duk abin da aka naɗe a fulawa aka gasa aka ce fai ne, to nama ne a ciki. Ta durƙusa ta ajiye faranti.

"Inna, ga fai na gasa muku."

"Madalla, 'yar nan, Allah ya yi albarka. Na rago ne ko na sa?"

Inna ta sa cokali ta ɗaga tuffa, ta leƙa ƙarƙashi. Ta ɗaga wata, ta sake leƙawa. Sai ta juya wajen ɗanta.

"Kai, ba ka yin cefane ne a gidan nan?"

"Inna, haka ake yin sa."

"Na sani. Haka ake yin sa in babu."

Mataki na shida: Yi shiru, ki kalli ƙasa

Inna ta tsinko yankan nan ruwan ɗorawa da yatsa biyu.

"Wannan kuma fa? Sabulu ya faɗa ciki?"

"Cuku ne, Inna."

"Cukun wa?"

Ta aiki Yari ya ɗauko jakarta. Ta zaro cukun gida, fari, busasshe ƙamas, irin wanda take ci da dabino. Ta ɓantara, ta marmasa a kai, ta kai baki. Ta tauna a hankali. Ta yi ta ci har farantin ya ƙare. Daga nan ta ce a ƙaro mata daga ɗaya gefen, ko can naman ya taru. Aka ƙaro. Bai taru a can ba, amma ta cinye.

Mataki na bakwai: Laɓe a bayan ƙofa

Laɓe ba kyau, kowa ya sani. Yi shi duk da haka. Bayan la'asar Inna ta danna waya, Aminatou na maƙale a bango.

"Salamu alaikum, ku saurara. Yarinyar nan tana da hannu, wallahi, kada in ƙara jin wata ta ce ba ta iya girki ba. Ɓawon nan narkewa yake a baki. Sai dai ƙuruciya, ta gasa fai ta manta nama. Ba laifinta ba ne, ba wanda ya nuna mata. Don haka na fasa dawowa bayan Sallah. Ina nan har sai ta iya."

Ga sakamako nan, kamar yadda aka yi alkawari. Sunan Aminatou ya gyaru a Maraɗi, Yari kuma yana waya da masu jirgi a ɗaga tikiti.

Sanarwa: wannan jagora ta ɗauki nauyin mutuncinki ne kawai. Ƙonewar ɓawo, haƙorin da ya karye a kan busasshen cuku, ko surukar da ta zo hutu ta fara tambayar inda ake sayen rigar sanyi, duk ba ruwanmu. Ɗakin baƙi naki ne, ke kika gyara shi.