Wayar da Maski Bai Yanke Ba

Wani ne ya auri 'yar masu kamun kifi a arewacin jihar Wiskonsin ta Amurka, shi kuwa ko ƙugiya bai iya ɗaurawa ba. Surukinsa, tsoho Orbil, yana da wani kifin katako mai ƙugiya uku da ya sassaƙa da hannunsa. Shekara arba'in yana yaudarar maski da shi, wani ƙaton kifi mai kaifin haƙora. Ko 'ya'yan cikinsa ba ya ba su aro.

Mijin 'yar ya rantse sai an san da shi a gidan. Ya sayi sandar fatsa da siririn zare, ya shiga tafki. Jifa uku, wani kifi mai suna fayik ya datse zaren sau uku, ya tafi da ƙugiyoyin.

Ya faɗa shagon Gwaggo Dolores mai sayar da kayan fatsa yana huci.

"Gwaggo, ruɓaɓɓen zare kika sayar min!"

"Kanka ne ya ruɓe, ɗan nan. Ka taɓa leƙa bakin fayik? Reza ce. Maski kuwa yayansa ne. Ungo wayar ƙarfe, kamu biyu. Ka haɗa da zaren. Duk haƙoransu ba sa yanke ta."

Washegari ya ɗaura ƙugiya a bakin wayar, ya wuni cikin rana. Ga kifayen bas nan birjik a gindin ciyawa, su zo su leƙa, su juya. Ya koma shago wuyansa ya yi ja wur.

"Gwaggo, yau ko sannu ba su ce min ba."

"Bas kake nema da waya? Ai shi idonsa kamar na uwar miji. Yana hango ƙarfe ya tafi. Siririn zare yake so. Ka zaɓi kifi ɗaya ka bi, kamar mai hankali."

Shi kuwa duka yake so. Ya kwana biyu yana tunani, har ya samo dabara.

Ran Asabar suka fita da tsohon a kwale-kwale. Ya yi ta roƙo.

"Baba, jifa ɗaya tak da kifinka."

"Ka sa waya?"

"Sabuwa fil, Baba."

Tsohon ya miƙa masa kamar mai miƙa jariri, ya juya yana zuba kofi. Mutumin ya ɗaura, ya wurga.

Ruwa ya dare. Wani maski kamar cinyar bijimi ya taso, ya haɗiye kifin katakon. Ƙyas! Zare ya dawo yana lilo a iska.

Kofi ya zube a wandon tsohon.

"Kai! Ina kifina? Ba ka ce ka sa waya ba?"

"Na sa mana. Ga ta nan sama, a bakin sanda."

"A bakin sanda? Uban me take yi a can?"

"To, Baba, in na sa ta cikin ruwa bas zai gani. Shi ne na bar ta a waje, na sakar musu siririn zaren."

Tsohon ya leƙa ruwan. Shekara arba'in ta yi ƙasan tafki.

Mutumin ya jawo wayar, ya shafa ta da yatsa, ya ɗaga ta a rana.

"Amma fa Gwaggo ba ta yi ƙarya ba, Baba. Duba, duk girman nan nasa ko ƙwarzane bai yi mata ba."