Keken da Ake Hawa da Turmi

Lokacin da arzikin mai ya iso Keffi, duk malaman makarantarmu sun yi keke ban da ni, don gwiwoyina dukan kan keke suke yi saboda tsawo. Sai na roƙi Malam Sabo mai walda a unguwar Liman Abaji, gwanin da ƙarfe ke jin maganarsa, ya haɗa min nawa.

Ya ɗauko igiya zai auna ƙafata. Ni, malamin lissafi guda, in ɗage riga a bakin titi? Na miƙa masa takardar awon wandona na wurin tela.

Ya ce, "Malam, wando daga ƙugu yake farawa, keke kuwa daga cinya."

Na ce ya bi takarda kawai.

Ya yi aikin da ko tabon walda babu, amma sandar keken tana daidai cibiyata. Sai da matata ta kifa min turmi na taka na hau, maƙwabta suna kallo.

Har yau in suka gan ni a ƙasa sai su ce, "Malam, yau ana daka ne a gida?"