Ramin Dawar Kawu Isa

Na yi kuskure, ba na musu. Lokacin yaƙi ni ke aika labarin ƙauyenmu, kusa da Haj Abdalla, zuwa wani shafi, ina jin kaina babban ɗan jarida. Na ɗauki hoton matmura, ramin da Kawu Isa ya ɓoye dawar gidansa, na rubuta a ƙasa, "Dubi dabarar mutanenmu!" Ashe masu bindiga ma suna da waya. Suka zo suka kwashe dawar tas, iyalinsa suka koma cin ganye.

Har yau in na yi sallama, matarsa takan ce, "Ku rufe tukunya, ɗan jarida ya zo."

Sai bana na iya durƙusawa gabansa na ce, "Kawu, ka yafe mini. Ni na nuna musu hanya."