Kunun Ayar da Na Fizge Daga Bakin Surukina

Ko tsufa ya kwashe min komai, ba zan taɓa mantawa da bikin sunan ɗan ƙanwar mijina a Shagari ba.

Lokacin ina digiri na biyu a fannin haɗa magunguna. Akwai wani sinadari a jikin darbejiya da ba ya narkewa a ruwa, in an sha hanji ba ya ɗaukarsa, sai ya wuce abinsa. Aikina shi ne in ɓoye shi cikin ɗigon mai ƙanana da ido ba ya gani, don jiki ya karɓa. Bayan wahalar da ta ramar da ni, na samu ruwa fari tas, kamar kunun aya. Ko ɓera ba a gwada wa ba tukuna.

Ranar babu wuta a makaranta, sai na juye shi a gorar roba (eh, ni mai ilimi), na sa cikin kula mai ƙanƙara, zan kai firjinmu na gida a Bodinga. Ina sauka daga mota maigida ya ce mun makara, mu wuce Shagari wurin suna, ga kular a hannuna.

Muna shiga mata suka karɓe kular, wai gudummawa ce. Ni kuwa amarya, kunya ta hana ni cewa uffan.

Can na leƙa zaure, sai ga Baba, surukina, tsakiyar dattawa, ya ɗaga gora fara zai kai baki. Ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba, na yi tsalle na tsallake limami, na fizge gorar ina ihu, "Baba, kar ka sha!" Rabin abin da ke ciki ya kife a babbar rigarsa.



"Ɗiyata, lahiya?" in ji shi. "Kunun aya na fa. Ko kina so?"

Na sansana. Wallahi kunun aya ne, har da dabino.

Inna, surukata, ta leƙo ta ce, "In ruwan ga naki mai warin asibiti kika biɗa, shina can gindin randa."

Na durƙushe a wurin, ina dariya ina hawaye. Baba lafiya, aikina lafiya, mutuncina ne kawai ya zube.

Yanzu ko ruwan sha na zuba a gora sai na rubuta masa suna. Baba kuma har yau, in zai sha kunu, sai ya waiga ya ce, "Likita, a sha?"